Shigar da Juyin Furiye Mai Sauri Cikin Buɗaɗɗiyar Taskar Manhaja: Darasi Daga Muryoyin Ƙofar Durbi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda ake shigar da dabarar lissafi mai sauri cikin taskar manhaja wadda kowa ke da damar karantawa da gyarawa. An ɗauki juyin Furiye mai sauri a matsayin abin nazari, kasancewarsa ƙashin bayan awon murya a kwamfuta, aka kuma bi diddigin sauyin da aka yi wa taskokin NumPy da SciPy a shekarar 2019. An gina bayanin a kan wata matsala da ta taso wajen tace muryoyin da aka naɗa a Ƙofar Durbi ta birnin Katsina domin nazarin karin sautin Hausa. Maƙalar ta nuna cewa sauri ɗaya ne kawai daga cikin sharuɗɗan da masu kula da taska ke dubawa, kuma sau da yawa lasisi da daidaiton sakamako da sauƙin kulawa sukan rinjaye shi.

1.0 Gabatarwa

Rubutun Hausa na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Mai karatu ne ke cike giɓin da kunnensa na ɗan harshe. In ya ga kalmar "wuya", jimla ce za ta faɗa masa ko gaɓar jiki ake nufi, mai karin sama-ƙasa, ko kuwa wahala, mai karin ƙasa-sama. Haka kuka na hawaye, mai karin sama-sama, da kuka ta miya, mai karin sama-ƙasa. Kunnen Bahaushe ba ya kuskure a nan. Amma manazarcin da ke son ya faɗi da alƙaluma yadda karin sama ke zurarewa bayan karin ƙasa a doguwar jimla, ko ya kwatanta Katsinanci da Kananci a kan haka, tilas ya jingina da na'ura.

A wani aikin tattara bayanai da muka yi tare da ɗalibai, mun naɗi hirarraki a Ƙofar Durbi, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin birnin Katsina: wasu a zaure, wasu a bakin shago, wasu a teburin mai shayi. Wanda ya san wurin ya san ba a samun shiru. Ga babura, ga 'yan Keke Napep, ga janareton mai walda da na mai cajin waya. Da aka zo tace muryoyin a wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, sai aka ga abin mamaki. Yawancin fayilolin kan kammala kafin ƙiftawar ido, amma jefi-jefi sai a ci karo da wanda zai riƙe na'urar har batir ya ƙare, alhali tsawonsa bai fi na sauran ba. Ɗalibin da ke aikin ya ɗauka ƙwayar cuta ce ta shiga kwamfutar. Ashe laifin na lamba ne, wato adadin ɗigogin da ke cikin fayil ɗin, da kuma tsufan taskar da ke yin lissafin. Bayanin wannan lamari shi ne abin da maƙalar ta ƙunsa.

Kafin a ci gaba, ga ma'anar kalmomi biyu. "Taskar manhaja" tarin umarni ne da aka riga aka rubuta domin wasu su kira su yi aiki da su, ba tare da sun sake rubutawa ba. "Buɗaɗɗiya" kuwa ita ce wadda aka bayyana rubutun umarninta ga kowa, aka kuma ba da izinin kwafa da gyarawa bisa sharuɗɗan wani lasisi.

2.0 Abin da Juyin Furiye Ke Yi

Karin sauti yana fitowa ne daga saurin karkarwar tantanin maƙwallato. Ana auna wannan sauri da haz, wato adadin karkarwa a daƙiƙa ɗaya. Muryar baligin namiji galibi tana tsakanin haz 85 da 180, ta mace kuwa tsakanin 165 da 255. Makirufo ba ya rarrabe wannan da sauran ƙararraki. Abin da yake miƙa wa kwamfuta jerin lambobi ne, kowace tana nuna ƙarfin bugun iska a wani ɗan lokaci. Za mu kira kowace lamba "ɗigo". In ana ɗaukar ɗigo 16,000 a daƙiƙa, hirar minti ɗaya ta zama ɗigo 960,000, kuma muryar dattijo da gurnanin janareto duk sun cakuɗe a cikinsu.

Bafaranshen nan Joseph Fourier, wanda aka sa wa juyin sunansa, ya gabatar da ra'ayinsa a 1807, ya kuma faɗaɗa shi a littafinsa na 1822 kan yaɗuwar zafi. Ra'ayin shi ne ana iya warware hawa da saukar kowane abu zuwa tarin igiyoyi masu sauƙi, kowace da nata saurin. Kamar mai jin ganga da kalangu da algaita a lokaci guda, amma ya iya cewa ga wannan, ga wancan. Juyin yana karɓar ɗigo N, ya mayar da lambobi N, kowace tana nuna yawan wata karkarwa a cikin sautin. A rubuce:

X(k) = jimlar x(n) · w^(nk), daga n = 0 zuwa N − 1, inda w = e^(−2πi/N).

Amfaninsa ga mai naɗa murya a Katsina a fili yake. Wutar lantarkin Nijeriya tana tafiya a kan haz 50, kuma ƙaramin janareto yana juyawa kimanin sau 3,000 a minti domin ya ba da hakan. Gurnaninsa kan fito a haz 50 da ninkinsa, wato 100 da 150 da abin da ya yi sama. Biyun nan na ƙarshe sun faɗa tsakiyar muryar maza. In ba a gano su aka rage ba, manhajar awo na iya bin janareto ta bar mai magana, sai manazarci ya ga layi miƙaƙƙe ya ce dattijon ba ya sauke murya.

Matsalar ita ce tsada. In aka bi ma'anar kai tsaye, kowace X(k) na buƙatar ninkawa sau N, kuma akwai su guda N. Aikin ya zama N sau N. Ga ɗigo dubu, ninkawa miliyan ɗaya ke nan. Ga ɗigo miliyan, tiriliyan ɗaya.

3.0 Dabarar Raba Aiki

A 1965 James Cooley na kamfanin IBM da John Tukey na Jami'ar Princeton a Amurka suka wallafa gajeriyar maƙala a mujallar Mathematics of Computation, wadda ta sauya lamarin. Ɗaya daga cikin buƙatun da suka zaburar da aikin ita ce gano gwajin makaman nukiliya na Tarayyar Sobiyet ta hanyar na'urorin auna girgizar ƙasa. Daga baya bincike ya nuna cewa Bajamushe Carl Friedrich Gauss ya riga ya gano dabarar tun wajen 1805, lokacin da yake lissafa tafiyar wasu duwatsun sararin samaniya, Pallas da Juno, sai dai ba a buga rubutun ba sai 1866, bayan rasuwarsa, kuma bai ja hankalin kowa ba. Dabarar ce ake taƙaita sunanta da FFT.

Ga yadda take. In N lambar cika ce, a raba ɗigogin gida biyu: masu zama a gurbin cika da masu zama a gurbin mara. A yi wa kowane gida juyinsa, sannan a haɗa. Bari mu gwada da ɗigo huɗu: 1, 2, 3, 4.

Masu gurbi na 0 da na 2 su ne 1 da 3. Juyin lambobi biyu tarawa ne da ɗebewa kawai, don haka mun sami 4 da −2. Masu gurbi na 1 da na 3 su ne 2 da 4, sun ba da 6 da −2. Wajen haɗawa, X(0) = 4 + 6 = 10, kuma X(2) = 4 − 6 = −2. Ga sauran biyun, ana fara ninka −2 ta gida na biyu da w, wadda a nan ita ce −i, a sami 2i. Daga nan X(1) = −2 + 2i, kuma X(3) = −2 − 2i.

A lura da cewa ninkawa guda ta ba da amsa biyu, ɗaya ta tarawa, ɗaya ta ɗebewa. Nan ribar take. In kuma rabin shi ma cika ne, a sake raba shi, har a kai ga ɗigo ɗai-ɗai. Ga N = 1,048,576, wato 2 da aka ninka da kanta sau 20, rabawa ashirin ake yi, kowace da aikin da bai wuce N ba. Jimla kimanin miliyan 21, maimakon fiye da tiriliyan ɗaya. Lambobin nan w da ninke-ninkenta za mu kira su "lambobin murɗi", za kuma mu dawo kansu.

4.0 Gagararriyar Lamba

Rabawar ba sai da 2 ba. Ana iya yi da 3 ko 5 ko 7, kuma aikin gaba ɗaya ya yi daidai da N sau jimlar ƙananan lambobin da suka haɗu suka haifi N. Ba banza ba aka ga 44,100, adadin ɗigon da faifan CD ke ɗauka a daƙiƙa, yana da daɗin lissafi: 2 × 2 × 3 × 3 × 5 × 5 × 7 × 7 ne.

To, in N ba ta rabuwa da komai sai da 1 da kanta fa? Irin wannan za mu kira "gagararriyar lamba". Babu inda dabarar Cooley da Tukey za ta sa wuƙa, sai a koma N sau N. Misali, 1,000,003 gagararriya ce. A kan ɗigo 16,000 a daƙiƙa, hira ce ta daƙiƙa 62 da rabi. Aikinta ya kai tiriliyan ɗaya, kuma ko da na'ura na yin biliyan ɗaya a daƙiƙa, za ta shafe fiye da minti 16. Fayil mai ɗigo 1,048,576, wanda ya fi shi tsawo da daƙiƙa uku, ba zai ci ko daƙiƙa ɗaya ba.

Wani zai ce ai wannan tsautsayi ne da ba kasafai yake faruwa ba. Lissafi bai goyi bayansa ba. A kusa da miliyan, kimanin lamba ɗaya cikin 14 gagararriya ce. Ɗalibin da ke yanka hira da hannu, inda maganar ta tsaya, ba ya zaɓar adadin ɗigo, don haka cikin fayil ɗari zai iya samun wajen bakwai irin wannan. Ban da su akwai waɗanda suka rabu da 2 ko 3 amma suka bar wata ƙatuwar gagararriya a ciki, su ma masu nauyi ne. Abin da ya same mu ke nan.

Ya kamata a yi adalci a nan. Awon karin sauti shi kansa ba ya faɗawa wannan rami. Manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam suka rubuta, kuma masu nazarin furuci suka fi amfani da ita, tana duba murya ne ta 'yar taga mai faɗin kimanin kashi 40 cikin 1,000 na daƙiƙa, ta cike ta zuwa tsawo mai daɗin rabawa. Ramin yana jiran wanda ya juya fayil gaba ɗaya ne, domin cire gurnanin janareto ko sauya adadin ɗigo daga 44,100 zuwa 16,000, aikin da kusan kowane mai shirya muryoyi domin koyar da na'ura yake yi.

Ba zan wuce nan ba sai na ambaci cewa ba yau Katsina ta fara sanin halin lambobi ba. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren masanin tarihin Masar, ya yi rubutu a 1732 kan yadda ake gina hatimi mai gidajen mara, inda kowane layi ke ba da jimla ɗaya. Hanyar gina hatimi mai gidajen mara ba ta aiki ga mai gidajen cika. Ba ina cewa akwai alaƙa tsakanin aikinsa da juyin Furiye ba ne. Ina cewa ɗalibin da ya fahimci dalilin da ya sa malamin ya keɓe mara da hanyarta, ba zai yi mamakin cewa gagararriyar lamba na buƙatar tata ba.

Hanyar ta samu a 1968, har guda biyu: ta Charles Rader da ta Leo Bluestein. Ta Bluestein ta ginu a kan wani ɗan daidaito da ɗan sakandare zai iya tabbatarwa:

nk = [n² + k² − (k − n)²] / 2.

In aka sa wannan a gurbin nk, juyin yakan rikiɗe zuwa wani lissafi na zamar da jeri ɗaya a kan wani ana ninkawa ana tarawa, wanda za mu kira "naɗi". Shi naɗi ba ya ɓaci in an ƙara masa sifiri, don haka ana iya yin sa a kowane tsawo da ya kai 2N − 1, a zaɓi mai daɗin rabawa. Ga 1,000,003, ana iya ɗaukar 2,097,152, a yi juyi uku masu sauri. Aikin ya zama kimanin miliyan 132. Ya ninka na lamba mai daɗi kusan sau shida, amma ya gaza na tsohuwar hanya da fiye da sau 7,000.

5.0 Yadda Dabarar Ta Shiga NumPy da SciPy

Tambayar da ta fi muhimmanci ga wannan nazari ita ce: in an san maganin tun 1968, me ya sa ɗalibinmu ya sha wahala bayan shekara hamsin?

NumPy ita ce taskar lissafi da kusan duk mai aikin kimiyya da harshen Python ke dogaro da ita. Travis Oliphant ya fitar da sigarta ta 1.0 a 2006. Sashenta na juyin Furiye ya samo asali daga FFTPACK, wadda Paul Swarztrauber ya rubuta da harshen Fortran a wata cibiyar binciken yanayi ta Amurka. FFTPACK tana da hanyoyi na musamman ga 2 da 3 da 4 da 5, da wata ta gama-gari ga sauran. Ba ta da dabarar Bluestein.

Ba a rasa wadda ta fi ta ba. Tun 1997 Matteo Frigo da Steven G. Johnson na cibiyar MIT suka fitar da FFTW, wadda ke gwada hanyoyi daban-daban a kan na'urar da ta samu kanta ta zaɓi mafi sauri, kuma ba ta tsoron gagararriyar lamba. Ta ci lambar yabo ta Wilkinson a 1999. Ita ma buɗaɗɗiya ce. Duk da haka ba ta shiga NumPy ba, saboda lasisi.

FFTW tana ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya shar'anta cewa duk manhajar da aka haɗa da ita aka rarraba, ita ma a buɗe ta bisa sharaɗin nan. NumPy da SciPy kuwa suna ƙarƙashin lasisin BSD, wanda ya yarda kowa ya ɗauka, har kamfani ya sa a hajarsa ta sayarwa, muddin ya ambaci masu ita. Da an zuba FFTW a cikin NumPy, da sharaɗin GPL ya hau kan duk wanda ke rarraba ta. Kamar rijiyar unguwa ce da aka haƙa bisa cewa kowa ya ɗiba, har mai garuwa, sai wani ya kawo famfo mai kyau ya gindaya nasa sharaɗin. Famfon ba shi da aibu, sharaɗin ma ba zalunci ba ne, amma ba shi ne alkawarin da aka yi wa unguwa ba. Kamfanin da ke da MATLAB ya bi ta wata ƙofa, ya sayi lasisin kasuwanci na FFTW. Taskar sa-kai ba ta da wannan damar.

Akwai kuma nauyin kulawa. SciPy ta taɓa ba da damar a haɗa ta da taskokin juyi daban-daban lokacin girkawa, har da FFTW, amma a sigar 0.7 ta 2009 aka cire su duka aka bar FFTPACK kaɗai. Kowace ƙarin hanya tana nufin ƙarin kurakurai da ƙarin gwaji a kan kowace irin na'ura, kuma masu wannan aiki kaɗan ne.

Mafita ta zo daga wani fanni na dabam. Martin Reinecke na Cibiyar Max Planck ta nazarin taurari a Garching, ƙasar Jamus, yana aiki a kan taswirar sararin samaniya, inda ake yanka sama zobe-zobe, masu ɗigo 4, 8, 12, 16 da haka har gaba. A irin wannan jeri tsawo mara daɗi abin yau da kullum ne. Ya rubuta pocketfft, wadda ita ma jikar FFTPACK ce, amma ya ƙara mata dabarar Bluestein, ya gyara yadda ake lissafa lambobin murɗi, ya kuma sake ta da lasisin BSD. Ƙarama ce, mutum ɗaya zai iya karance ta. A watan Yulin 2019 NumPy 1.17 ta fito da ita a madadin tsohuwar. A watan Disambar shekarar SciPy 1.4 ta kawo sabon sashe, scipy.fft, a kan sigar pocketfft ta harshen C++, tare da ƙofar da mai so zai iya jona FFTW da kansa ta hanyar pyFFTW ba tare da an taɓa lasisin SciPy ba. A 2024 NumPy 2.0 ita ma ta koma kan sigar C++ ɗin.

A ganina, abin koyi mafi girma shi ne cewa sunayen umarnin ba su sauya ba. Wanda ya rubuta numpy.fft.fft a 2012 zai kira shi haka a 2020 ya sami amsarsa, sai dai da sauri. An sauya injin mota, direba bai ga sabon sitiyari ba.

Sai dai akwai wani ƙulli da ya shafe mu kai tsaye. NumPy 1.17 ita ce siga ta farko da ta daina aiki da Python 2.7. Duk kwamfutar da ta tsaya a kan tsohon Python, ta tsaya a NumPy 1.16, wato mataki ɗaya kafin gyaran. A wurin da data ke da tsada, kuma ake kwafar manhaja daga filashi zuwa filashi, gyaran da aka yi a 2019 na iya ɗaukar shekaru bai iso ba. Kwamfutarmu tana cikin waɗannan.

6.0 Gwajin da Ake Yi Kafin a Karɓa

Wanda ya rubuta sabon juyi yana son a shigar da shi taska, yakan aika buƙatar shigar da gyara a dandalin GitHub, masu kula da taskar su duba. Abu na farko da za su nema shi ne shaidar cewa amsar daidai ce.

Gwaji mafi sauƙi shi ne a rubuta juyin kai tsaye, mai jinkirin nan, a kwatanta amsarsa da ta mai sauri a kan kowane tsawo daga 1 zuwa 'yan ɗaruruwa. Kada a tsallake 1 da 2, domin a ƙananan lambobi kurakurai suka fi ɓuya. Sannan a juya a kuma juyo, a ga ko an dawo da ɗigogin farko. Wannan gwaji na biyu shi kaɗai yana yaudara, domin kuskuren tafiya na iya share na dawowa. Na uku shi ne ƙa'idar Parseval: ƙarfin sauti ba ya ƙaruwa ko raguwa saboda juyi. A misalinmu, 1 + 4 + 9 + 16 = 30. A ɗaya ɓangaren, 100 + 8 + 4 + 8 = 120, a raba da 4, a sami 30.

Wannan rabawa da N ita ma wurin saɓani ce. Wasu taskoki na yin ta a tafiya, wasu a dawowa, wasu su raba ta biyu, FFTW kuwa ba ta yi sam, ta bar wa mai kira. NumPy tana yi a dawowa, sai in an umarce ta da wani abu. Mai shigar da sabon inji dole ya bi al'adar taskar da ya tarar, ya kuma rubuta ta a bayanin amfani. In bai yi ba, alƙaluman mutane za su ninku ko su ragu ba tare da wani gargaɗi ba, kuma wannan ya fi jinkiri muni, domin jinkiri ana ganinsa.

Sai lambobin murɗi. Kwamfuta tana riƙe kimanin alƙaluma 16 na kowace lamba, ta yar da sauran. Hanya mai arha ta samun lambobin murɗi ita ce a ninka w da kanta a kai a kai, amma kowace ninkawa na ɗora ɗan kuskure a kan na baya, har ya taru a dogon fayil. In aka lissafa kowace da kulawa, kuskuren juyin gaba ɗaya yana ƙaruwa ne a hankali ƙwarai, har ya zamana mai saurin ya fi mai jinkirin daidaito, saboda matakansa sun fi kaɗan. A dabarar Bluestein abin ya fi tsanani, domin n² tana girma da sauri, kuma sai an rage ta da ninkin 2N kafin a nemi kusurwarta.

Bayan duk wannan ne ake zuwa awon sauri, shi ma a kan tsawo iri-iri: masu daɗi, gagararru, da na tsakani. Ga ƙaramar gagararriya kamar 13 ko 17, tsohuwar hanya ta fi Bluestein arha, don haka pocketfft takan kiyasta tsadar hanyoyin biyu ta zaɓa.

7.0 Abin da Ya Rage Ga Mai Nazarin Hausa

Ɗalibai a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da sauran jami'o'inmu da ke sha'awar gina kayan aikin harshen Hausa, za su kai ga wannan mararraba. Muryoyin Hausa na kyauta sun fara samuwa, misali a shirin Common Voice na Mozilla, kuma duk taskar da za ta sa wa rubutu alamar karin sauti daga murya, tana buƙatar juyi a cikinta. Shawarata ita ce ɗalibi ya rubuta nasa juyin sau ɗaya, domin ya fahimta, sannan ya ajiye shi ya kira wanda aka riga aka gwada. Ƙarfinsa ya tafi ga abin da babu mai yi mana, wato gwaji da muryoyinmu. Taskar awon karin sautin Hausa da ba a gwada ta da "wuya" da "kuka" da "gari" daga bakin maza da mata, a ɗaki shiru da kuma kusa da janareto ba, ba ta gama gwaji ba. Ya kuma zaɓi lasisi tun ranar farko, ya nemi izinin masu muryoyin kafin ya sa su a fili, domin lasisin manhaja bai rufe muryar dattijon da aka naɗa a zaurensa ba.

Akwai wata dabara da ɗalibai kan gano da kansu: ƙara sifiri a ƙarshen fayil har ya kai tsawo mai daɗi. SciPy ma tana da umarnin next_fast_len domin haka. Wajen tace gurnani wannan ba laifi. Amma kada a zaci ƙarin sifiri yana ƙara kaifin awo. Tagar kashi 40 cikin 1,000 na daƙiƙa ba ta iya rarrabe karkarwa biyu da tazararsu ta gaza kimanin haz 25, ko da an cika ta da sifiri dubu. Hoton zai yi santsi, bayanin da ke ciki kuwa yana nan yadda yake. Muryar namiji mai haz 110 da gurnanin janareto mai haz 100 za su ci gaba da haɗuwa a irin wannan taga, sai an tsawaita ta ko an rage gurnanin tukuna.

Wanda ke son ya san halin da kwamfutarsa ke ciki, gwajin ba ya cin minti biyar. Ya duba numpy.__version__. Ya ƙirƙiri jeri biyu, ɗaya mai ɗigo 65,536, ɗaya mai 65,537, wadda gagararriya ce, ya auna lokacin juyin kowanne. Ɗigo ɗaya ne tsakaninsu. A tsohuwar siga na farko aikin miliyan ɗaya ne da 'yan kai, na biyu kuwa ya haura biliyan huɗu, kuma zai ji bambancin yana zaune. A sabuwa duka biyun za su kammala kafin ya ɗauke hannu daga madanni. Mu da muka sabunta tamu, a wani shagon intanet da ke kusa da ƙofar, fayilolin nan da suka riƙa cinye mana batir duk sun wuce a zama ɗaya, muka koma kan tambayar da ta kai mu Ƙofar Durbi tun farko, wato haz nawa karin sama ke zubarwa kafin Bakatsine ya kai ƙarshen jimla.